Yadda ake ziyartar Sidi Bu Sa'id daga birnin Tunis

Sidi Bu Sa'id ƙaramin gari ne a kan tudu a bakin Bahar Rum, kimanin kilomita 20 arewa maso gabas da tsakiyar Tunis, babban birnin Tunisiya. Fararen bangaye, shuɗɗan ƙofofi da tagogi, furanni na leƙowa ta kan katanga, teku shimfiɗe a ƙasa: da wannan hoton ake tallata ƙasar, kuma ba ƙarya a ciki. Sai dai tsohon garin da ake zuwa gani bai wuce babbar hanya ɗaya da 'yan lunguna ba, mai ƙafa zai zagaye shi cikin awa biyu. Saboda wannan ƙanƙantar, abin da ke raba wanda ya more ziyarar da wanda ya dawo da gajiya da haushi shi ne lokacin da ya isa da tsarin da ya bi: ina ya fara, ina ya ƙare, sau nawa ya hau tudu da ƙafa.

Lokacin zuwa

Watannin Afrilu da Mayu, da ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, su ne suka fi dacewa. A Yuli da Agusta zafin rana kan kai digiri 33 ko fiye, kuma idan iskar Sahara da suke kira shihili ta taso yakan haura 40. Wanda ya saba da zafin Sakkwato ko Agadas zai iya raina wannan, amma a nan akwai gumin teku, ga hawan tudu, ga fararen bangaye masu mayar da hasken rana cikin ido. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma damina ce da sanyi, dare kan sauka ƙasa da digiri 10, duwatsun da aka shimfiɗa a hanya kan yi santsi. Garin na da kyau a lokacin, babu cunkoso, amma sai da rigar sanyi da laima.

A cikin mako, zaɓi Talata zuwa Alhamis. Hutun ƙarshen mako a Tunisiya Asabar da Lahadi ne, kuma a waɗannan ranakun mutanen Tunis kansu ne ke cika garin da yamma, iyalai da samari da 'yan mata. Litinin kuwa gidajen tarihi da dama a rufe suke.

A cikin yini, ka yi sammako. Ka kasance a saman tudu kafin ƙarfe tara. Daga hantsi manyan motocin 'yan yawon buɗe ido ke fara sauke mutane, musamman ranar da babban jirgin ruwa na shaƙatawa ya tsaya a tashar La Goulette, kuma hanya ɗaya ce kowa zai bi. Akwai wani dalilin kuma: tekun na gabas da garin, don haka rana ta wajensa take fitowa, faɗuwarta kuwa ta bayan gari ce, wajen tudu. Mutane da yawa kan zo da yamma suna jiran su ga rana ta nutse cikin ruwa, ba kuwa za su gani ba. Abin da yamma ke da shi shi ne sanyin iska da jan haske a kan dutsen Bu Kurnin mai kai biyu da ke can tsallaken ruwa.

Da azumi yawancin gidajen shayi da na abinci a rufe suke da rana, sai bayan isha'i garin ke farkawa. Wanda ya zo a Agusta kuma zai iya dacewa da Kharja, fitowar shekara-shekara ta mabiya ɗariƙun sufaye zuwa hubbaren waliyyin garin, da tutoci da bandiri. Ranar ba a iya motsi a babbar hanya.

Takardu da kuɗi

Ɗan Najeriya na buƙatar biza kafin ya shiga Tunisiya. 'Yan Nijar da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma sun daɗe suna shiga ba biza na ɗan lokaci, amma irin wannan doka kan sauya, don haka a tabbatar a ofishin jakadanci kafin sayen tikiti. A filin jirgi akan nemi shaidar masauki da tikitin komawa, a buga su a takarda.

Akwai maganar da bai kamata a ɓoye wa baƙar fata mai zuwa Tunisiya ba. Tun watan Fabrairun 2023, lokacin da Shugaba Kais Saied ya yi jawabi mai zafi kan baƙin haure daga ƙasashen kudu da Sahara, binciken takardu ya ƙaru, kuma an samu rahotannin tsangwama a wasu garuruwa. Sidi Bu Sa'id unguwar masu hali ce da ta saba da baƙi, amma hanyar zuwa ta ratsa tasha da shingen 'yan sanda. Ka riƙe fasfo a aljihun ciki, da kwafin shafin da aka buga hatimin shiga, da katin otal ɗin da ka sauka. Idan an tsayar da kai, ka miƙa takardu cikin natsuwa, yawanci magana ta ƙare ke nan.

Kuɗin ƙasar dinari ne, dala ɗaya kusan dinari 3. Abin da ke rikita baƙo shi ne dinari ɗaya milim 1,000 ne, ba ɗari ba, don haka farashi na zuwa da lambobi uku bayan ɗigo. Idan ka ga 4.500 a takardar farashi, dinari huɗu da rabi ne. Mai shago kuma zai iya ce maka "khamsa alaf", wato dubu biyar, yana nufin dinari biyar. Dinari ba a fita da shi daga ƙasar, ba a kuma samun sa a waje, don haka ka zo da yuro ko dala ka canza a banki ko ofishin canji. Naira ba ta canzuwa a can, sefa ma ba abin dogaro ba ce. Ka adana rasidin canji, domin da shi za ka mayar da ragowar dinarinka ranar tafiya. Ka nemi ƙananan kuɗi tun a wurin canji, domin mai tasi da mai soya ba su cika samun canjin takardar dinari 50 ba.

Layin waya ana saye a filin jirgi da fasfo, daga Ooredoo, Orange ko Tunisie Telecom. Agogon Tunisiya ɗaya yake da na Najeriya da Nijar. Soket ɗin lantarki mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Faransa, wanda ya taho daga Najeriya sai ya riƙo mahaɗi. Kada a zo da ƙaramin jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto, jami'an kwastan za su riƙe shi.

Jirgin ƙasa ko tasi

Hanya mafi araha ita ce jirgin TGM, wanda haruffansa ke nufin Tunis, Goulette, Marsa. Layin ya fara aiki tun 1872, shi ne hanyar dogo ta farko a ƙasar, tsawonsa kimanin kilomita 19. Yana tashi daga tashar Tunis Marine, a ƙarshen gabas na titin Habib Bourguiba. Idan kana tsakiyar birni, ka bi titin ka ba tsohon gari baya, ka wuce doguwar hasumiyar agogo, tashar na gaba kaɗan. Ana sayen tikiti a taga, akwai taragon farko da na biyu, kuma ko na farkon bai kai dinari biyu ba. Ka sayi na farko. Ba don kujerunsa sun fi kyau sosai ba, don dai ba a cika matsi a ciki ba. Ka riƙe tikitin har ka sauka, masu dubawa kan shigo.

Jirgin na fara ratsa tafkin Tunis a kan wata doguwar gaɓa da aka cike, ruwa hagu da dama, sannan ya shiga La Goulette, Kheireddine, Le Kram, sai tashoshi shida masu ɗauke da sunan tsohon birnin Kartaj, wanda a allo za ka ga an rubuta Carthage. Ta ƙarshensu ita ce Carthage Amilcar, daga ita sai taka, a allo an rubuta Sidi Bou Saïd. Tafiyar kan ɗauki minti 35 zuwa 40.

Abubuwa uku ne ke yawan lalacewa a nan. Akwai tasha a layin mai suna L'Aéroport, amma ba ta da alaƙa da filin jirgin sama na Tunis-Carthage, tsohon suna ne kawai. Wanda ya dogara da ita don kama jirgin sama ya makara. Na biyu, taragun sun tsufa, samari kan riƙe ƙofa a buɗe jirgi na tafiya, kuma masu fizgen waya sun fi aiki daidai lokacin da jirgi zai bar tasha. Kada ka tsaya bakin ƙofa ko ka zauna gefen taga a buɗe da waya a hannu. Na uku, akan yi gyara a layin a rufe wani sashe ko a rage zirga-zirga, don haka ka tambayi mai karɓar baƙi a otal tun da dare ko jirgin na kaiwa Marsa kai tsaye.

Idan ku uku ne ko huɗu, ko akwai tsoho ko ƙaramin yaro, tasi ta fi. Motocin haya na gari rawaya ne, suna da mita, kuma alamar fitilarsu a juye take da abin da ido ya saba: jar fitila a gilashin gaba na nufin babu kowa a ciki, kore na nufin an ɗauka. Kafin mota ta motsa ka ce wa direba "kontur", wato ya kunna mita. Daga tsakiyar Tunis da rana mita kan nuna tsakanin dinari 15 da 25, gwargwadon cunkoso. Daga ƙarfe tara na dare akwai ƙarin rabin kuɗi, wannan doka ce, ba cuta ba. Direban da ya ce mitarsa ta lalace, ka yi masa sallama ka tsayar da na bayansa.

Wanda ya ɗauki hayar mota yake tuƙawa da kansa ya sani ba a shiga saman gari da mota. Akwai wurin ajiya na kuɗi a ƙasa, a nan za a bar ta. Wanda ya ajiye a gefen titi inda aka hana, motar jan motoci da suke kira shangal za ta ɗauke ta, kuma karɓowa kan cinye rabin yini.

Hawa da zagayawa

Daga tasha hawa ne na minti 10 zuwa 15. Za ka wuce shataletale da masallaci a ƙasa, sannan hanya ta miƙe sama tsakanin shagunan tsaraba. Kada ka tsaya ciniki a hawan farko. Duk abin da ka saya kai za ka ɗauke shi yinin nan gaba ɗaya. Takalmi ya zama mai roba a ƙasa wanda ke riƙe ƙafa, silifa da takalmin fata mai santsi su ne ke kayar da mutane a kan duwatsun nan da ƙafafu suka goge.

Kafin ka shiga tsakiyar gari, ka ratse dama zuwa fadar Ennejma Ezzahra. Mutane da yawa kan tsallake ta saboda ba a kan babbar hanya take ba, alhali ita ce abu mafi daraja a garin. Baron Rodolphe d'Erlanger, Bature ɗan gidan masu banki, mai zane kuma masanin kiɗan Larabawa, shi ya gina ta tsakanin 1912 da 1922, da magina da masassaƙa na Tunisiya da Maroko. A ciki akwai sassaƙen farar ƙasa mai laushi, rufin katako mai fenti, marmara, da siririyar magudanar ruwa da ta ratsa tsakiyar zaure. Mutumin ya jagoranci wallafa babban aiki mai juzu'i shida kan kiɗan Larabawa, ya kuma taimaka wajen shirya taron kiɗan Larabawa na Alƙahira na 1932, shekarar da ya rasu. Yau fadar ita ce cibiyar kiɗan Larabawa da na ƙasashen Bahar Rum, da tarin kayan kiɗa irin su ud, ƙanun da rabab. Ka ware mata awa ɗaya da rabi, har da lambun da ke kallon teku. A tambayi lokacin buɗewa, domin yakan bambanta tsakanin bazara, hunturu da azumi.

Da ƙoƙarin wannan mutumin aka fitar da dokar 1915 da ta kare fasalin garin, ta hana gine-ginen da suka saɓa masa. Fari da shuɗin da kake gani ba dacewa ba ce, tsari ne da masu gidaje ke sabuntawa da fenti da farar ƙasa. Ka lura da ƙofofin: da baƙaƙen ƙusoshi masu manyan kawuna ake zana musu ado, jinjirin wata, tauraro, kifi, kuma a jikin babbar ƙofa akan yanka ƙarama wadda sai an sunkuya ake shiga. A sama akwai tagogin katako masu raga da suka turo kan titi, waɗanda mata ke ganin waje ta cikinsu ba a gan su ba. Waɗannan gidaje da mutane a ciki. Ɗaukar hoto gaban ƙofa ba laifi, amma ƙwanƙwasawa, zama kan dakali a toshe hanya, ko leƙa tsakar gida idan an buɗe, duk rashin ta-ido ne.

Wanda ke son ganin cikin gida ya shiga Dar el-Annabi, tsohon gidan wani mufti da zuri'arsa suka mayar gidan tarihi, a kan babbar hanya. Akwai kuɗin shiga kaɗan. Mutum-mutumin da aka jera cikin kayan aure ba wani abin a zo a gani ba ne, amma tsakar gidan, ɗakin salla, da soron sama inda ake hango rufin gari gaba ɗaya sun biya kuɗin.

A ƙarshen hawan za ka tarar da matakala da ta miƙe zuwa gidan shayin da aka fi sani da Café des Nattes, mutanen gari na ce masa Kahwa el-Aliya. A kan tabarmi ake zama, a cire takalmi. Mai zane ɗan Jamus August Macke ya zana wannan matakalar a 1914, lokacin da ya zo da abokinsa mai zane Paul Klee, daga nan sunan garin ya ƙara bazuwa a Turai. Hasumiyar da ke bayansa ta zawiyyar mai garin ce, Abu Sa'id al-Baji, malamin sufaye da ya zauna a wannan tudu, wanda a da ake kira Jabal al-Manar, ya rasu a 1231 aka binne shi a nan. An ƙona hubbaren a watan Janairun 2013, a lokacin da aka riƙa kai wa zawiyyoyi hari bayan juyin juya halin 2011, daga baya aka gyara shi. Ana shiga ta lungun gefe, da sutura irin ta masallaci.

Maganar salla ba wahala. Mafi yawan mutanen ƙasar Malikawa ne, ai daga Ƙairawan ta Tunisiya littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya fito. Abin lura shi ne masallatai da yawa ana buɗe su ne dab da salla a rufe bayanta, don haka wanda ya makara zai iya tarar da ƙofa a garƙame. Juma'a kuma ba lokaci ɗaya ake yi ko'ina ba, wasu masallatan da wuri, wasu sai kusa da la'asar. A tambaya tun da safe.

Daga nan ka bar babbar hanya ka shiga lungunan hagu, ka hau zuwa hasumiyar fitilar jiragen ruwa da maƙabartar da ke kusa da ita. Taku kaɗan ne, amma jama'a ba sa zuwa. Daga can ana ganin gaɓar Tunis gaba ɗaya, da yankin Cap Bon, kuma ranar da sama ta washe har tsibirin Zembra. Sai ka dawo ka bi titin Hédi Zarrouk zuwa ƙarshensa, inda gidan shayin Sidi Chabaane, wanda aka fi sani da Café des Délices, ya sauka hawa-hawa a jikin dutse, tashar ƙananan jiragen ruwa a ƙarƙashinsa.

Ci, sha da ciniki

Abin da kowa ke ci a tsaye shi ne bambaluni, zoben ƙullin fulawa da ake soyawa a gabanka a barbaɗe da sukari, kamar fanke mai rami a tsakiya. Da zafinsa ake ci, idan ya huce ya zama danƙo. Kuɗinsa dinari ɗaya ne zuwa biyu. Shayin wurin kuma mai na'ana'a ne da 'ya'yan itacen bunduƙ ko almon suna yawo a sama, a ƙaramin kofin gilashi.

A duk gidan shayin da ke kallon teku, kuɗin kallo kake biya, farashi kan ninka na cikin gari sau uku ko fiye. Wannan ba matsala ba ce in ka sani tun farko. Ka nemi takardar farashi kafin ka zauna, ka duba shayi mai 'ya'yan itace daban yake da wanda babu, kuma duk abin da aka ajiye a teburinka ba ka nema ba, ruwan roba ko farantin alawa, ka tambaya ko ka mayar. Masu ɗauke da shaho ko masu miƙo ƙullin furen yasmin da ake kira mashmum su ma haka ne: da ka karɓa ko ka yi hoto, ciniki ya faɗa. Mashmum ɗin dai abin saye ne, da yamma ƙamshinsa ke tashi, maza kan saƙala shi a bayan kunne.

Abincin rana ya fi araha a ƙasan gari kusa da tasha, ko a garin La Marsa da ke ƙarshen layin jirgi. Brik shi ne siririn fallen ƙulli da aka naɗe ƙwai da kifin tuna a ciki aka soya, ƙwan ruwa-ruwa ne, da hannu biyu ake riƙewa a sunkuya kan faranti. Wanda ba ya son ɗanyen gwaiduwa ya faɗa tun farko. Ojja miyar tumatir ce da ƙwai da tsiren merguez, ana ci da burodi. Mai son kifi ya nemi "complet poisson", gasasshen kifi guda da soyayyen dankali da dakakken tattasai da ƙwai. Harisa, wato niƙaƙƙen barkono da tafarnuwa da man zaitun, tana zuwa da kusan komai. A gidajen da ake zaɓar kifi daga kan ƙanƙara, farashin da aka rubuta sau da yawa na giram 100 ne, ba na kifi guda ba. Ka sa a auna a gabanka a faɗa maka jimilla kafin a gasa. Nama na halal ne, amma manyan gidajen abinci da dama na sayar da giya, wanda ba ya son zama a irin wurin ya duba teburan kafin ya shiga.

Tsarabar da garin ya yi suna a kai ita ce kejin tsuntsu na waya mai ƙubba, fari da shuɗi. Yana da kyau, amma yana lanƙwashewa a cikin akwati, ƙarami ne kaɗai ke isa gida lafiya, shi ma a jakar hannu. Akwai tangaran na garin Nabeul, turare, da jakunkunan fata. Farashin farko da mai shago zai faɗa kan ninka na gaskiya, ka taya kusan rabi ko ƙasa, cikin fara'a. "Ƙaddesh?" shi ne nawa ne, "ghali barsha" ya yi tsada ƙwarai, "yaishek" na gode. Jar hular dara kuwa, wadda Tunisiya ta daɗe tana aikawa kasuwannin Najeriya da Nijar, kada ka saye ta a nan. Ka bari sai ka koma tsohon garin Tunis, kasuwar masu hula ta Shawwashin, inda masu yin ta suke, za ka samu ta gashin tumaki ta gaske da girman kanka.

Sauka bakin ruwa

Kusa da ƙarshen gari akwai matakala mai sauka zuwa tashar ƙananan jirage da rairayin bakin teku, ana cewa taku 365 ne. Sauka minti goma ne, hawa kuwa da tsakar rana azaba ce. Saboda haka a gama da saman gari tukuna: matakalar nan sau ɗaya ake bin ta, zuwa ƙasa, daga can a ɗauki tasi. Tudun yana zaizayewa, bayan ruwan sama mai ƙarfi akan rufe wasu sassa. Idan ka ga shinge kada ka tsallake, ka bi titin mota da ya zagayo. Kada kuma a bi ta bayan duhu ya shiga.

Rairayin ƙarami ne, a bazara ya cika maƙil. Mai son wanka sosai gara ya ƙarasa La Marsa ko Gammarth. Ruwan na da ɗumi daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Oktoba. Mata da yawa na shiga da cikakkiyar sutura, ba wanda zai kalle su. Wanda bai iya ruwa ba kada ya wuce ƙugu, domin ƙasan teku ba shimfiɗe take bai ɗaya ba, kuma jar tuta na nufin an hana shiga. A kan duwatsu akwai wata halitta baƙa mai ƙayoyi da ke karyewa cikin tafin ƙafa, a ƙarshen bazara kuma wata mai kama da leda da ke yawo a ruwa tana harbi. Idan ta taɓa ka, da ruwan teku ake wankewa, ruwan sha na ƙara zafin, kuma ba a murzawa. Lambar 'yan sanda 197, ta masu ceto 198, ta motar asibiti 190.

Haɗawa da Kartaj, da komawa

Tunda jirgi ɗaya ne ke ratsa su, yawancin baƙi kan haɗa garin da kufan Kartaj, birnin da Rumawa suka rusa a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa suka sake ginawa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar Kartaj wuri ɗaya ne mai ƙofa ɗaya. Wurare ne warwatse cikin unguwar gidajen manya, tsakanin wasu tafiyar kilomita biyu ko uku ce ba inuwa. Tikiti ɗaya ne ke shigar da kai dukansu, amma na yini ɗaya ne, kuma ba wanda ke gama su bayan ya sha hawan tudu da safe.

Biyu sun isa. Wuraren wanka masu sunan Antoninus, sarkin Rumawa, da aka gina a ƙarni na biyu a bakin teku, daga tashar Carthage Hannibal ake zuwa, a gangaro wajen ruwa. Katangarsu ɗaya da fadar shugaban ƙasa, akwai sojoji, kuma an hana juya kyamara wajen fadar. A kiyaye wannan sosai. Tudun Byrsa, inda ragowar gidajen mutanen Kartaj na farko suke, daga Hannibal ko Dermech ake hawa. Tashar da ake kira Carthage Byrsa ta fi kusa da tsofaffin tashoshin jiragen ruwa na zamanin da, ba da tudun ba. Ana daina sayar da tikiti tun kafin lokacin rufewa, musamman a hunturu, don haka ka bar Sidi Bu Sa'id da ƙarfe biyu in kana son wannan.

Wanda kufai bai dame shi ba ya ci gaba da jirgi zuwa ƙarshen layi, Marsa Plage, tasha uku gaba, ya yi yammacinsa a titin bakin teku inda mutanen gari ke shan iska.

Komawa Tunis da tasi daga Sidi Bu Sa'id tsakanin ƙarfe biyar da bakwai na da wuya, motoci a cike suke, wasu direbobin kuma kan ƙi mita su yanka farashi. Ka gangara shataletalen ƙasa ka tsayar da mai wucewa maimakon waɗanda suka yi layi suna jiran baƙi, ko ka hau jirgi tun da sauran haske. Idan daga nan filin jirgin sama za ka wuce, tasi kaɗai ce hanya, ka ware mata minti 45 a lokacin tashi daga aiki, ko da yake idan titi a sake yake ba ta kai rabin awa.